Yadda Na Zaɓi Soso da Man Gogewa Wajen Farfaɗo da Fentin Tsohuwar Corolla

Motar da wannan bayani ya shafa Toyota Corolla ce ƙirar 2006, shuɗiya mai duhu, wadda yayana ya saya tokumbo ya hau na tsawon shekaru, kafin aiki ya mayar da shi Abuja ya bar ta a ƙofar gida a Kano, a ƙarƙashin wata darbejiya. Injinta lafiya lau yake, amma fentinta ya sha wuya. Rana ta dake shi, tsuntsaye sun yi ta zuba masa kashi, ruwan rijiyar burtsatse ya bushe a kansa ya bar tabo, sannan kowace safiya ta hunturu yaran gida suna ɗaukar busasshen tsumma su share ƙurar da ta kwanta, a ganinsu gata suke yi wa motar. Ƙurar hunturu, wadda iska ke kwaso kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin yashi da suka fi fentin mota tauri, saboda haka kowace shara da busasshen tsumma tana barin karce. Idan aka haska tocila a kan bonet, sai a ga siraran zane sun kewaye hasken kamar saƙar gizo-gizo, launin kuma ya koɗe ya koma toka-toka.

Da Yaya ya ce in ɗauki motar in riƙa hawa, shawarar da kowa ya ba ni ita ce in kai ta a sake mata fenti gaba ɗaya. Ban yarda da wannan shawara ba saboda dalilai biyu. Fentin kamfani ana gasa shi ne a cikin tanda mai zafin da ya kai wajen digiri 140, lokacin da ba a ɗaura wa motar roba ko waya ba, kuma babu mai fentin bakin titi da zai iya maimaita wannan. Na biyu kuma, duk wanda ya taɓa shiga wurin dillalan mota ya san cewa motar da ke ɗauke da fentinta na asali ta fi wadda aka sake wa fenti daraja a idon mai saye. Sai na kai ta wurin wani dattijo mai fentin mota, wanda ya koyi sana'ar tun zamanin da Fijo 504 ta Kaduna ke cike da titi.

Na ce masa, “Baba, wannan za ta gyaru ba tare da an sake fenti ba?” Ya ce, “Ɗana, a wanke ta tukuna, ba a yi wa mota hukunci da datti a jikinta.” Bayan an wanke, sai ya yi gwaji uku a gabana. Ya jiƙa tsumma ya shafa a kan zanen da ke bonet, suka ɓace muddin wurin yana da danshi, ya ce duk karcen da ruwa ya ɓoye yana sama-sama ne, gogewa za ta fitar da shi. Ya bi wasu karce na jikin ƙofa da farcensa, inda farcen ya maƙale ya ce wannan ya yi zurfi. Sannan ya ɗiga man gogewa a farin ƙyalle ya murza a gefen fenda, ƙyallen ya ɗan yi datti amma bai ɗauko shuɗi ba, wanda ya nuna cewa akwai fentin sama marar launi, wato kiliya, a kan launin motar. Motocin da aka ƙera kafin shekarun 1980 mafi yawansu ba su da wannan hawa, shi ya sa idan an goge su ƙyallen ke rinewa da launinsu. Da ya zo kan rufin motar, inda fararen tabo suka fito kuma gefensu ya fara ɓarewa, ko taɓawa bai yi ba. Ya ce kiliyar wurin ta mutu, babu man da zai dawo da ita.

A nan ne na fahimci abin da dukan aikin ya rataya a kansa. A kan ƙarfen mota akwai hawa mai hana tsatsa, sai firaima, sai launi, sai kiliya a sama, kuma kaurinsu duka a fentin kamfani yakan kasance tsakanin maikiron 100 da 180. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin 1000 na milimita, gashin kan mutum kuwa yakan kai wajen maikiron 70. Kiliyar kanta sau da yawa ba ta wuce maikiron 35 zuwa 50, kuma a cikinta ne sinadaran da ke kare launi daga hasken rana suke. Gogewa ba ta cike karce. Abin da take yi shi ne ta zaftare fentin da ke kewaye da karcen har ya sauko daidai da ƙasansa, kuma abin da aka zaftare ba ya dawowa. Saboda haka tambayar da ta dace mai mota ya yi ita ce wane soso da wane mai ne mafi rauni da za su iya aikin, domin a bar wa motar kiliyar da za ta ci gaba da jure ranar Afrilu.

Na aro ƙaramar na'urar auna kaurin fenti daga wani dillalin mota, irin wadda suke amfani da ita don gano motar da ta taɓa yin hatsari. Bonet da but sun nuna tsakanin 100 da 115, ƙofofi da fenda sun ɗan fi haka, amma ƙofar baya ta hagu ta haura 300, alamar cewa an taɓa sake mata fenti tun kafin motar ta shigo ƙasar. Na'urar tana auna dukan hawa-hawan ne a haɗe, ba ta ware kiliya ita kaɗai, kuma ba ta aiki a kan bamba saboda roba ce, amma ta isa ta nuna wa mutum inda zai yi taka-tsantsan.

Zaɓen inji shi ne ya zo kafin zaɓen soso, domin soso ɗaya yana aiki daban a kan inji daban. Baba yana amfani da injin da ke juyawa kai tsaye a kan sanda ɗaya, mai gudun juyi kusan 600 zuwa 3000 a minti. Wannan inji yana da sauri wajen cin fenti, yana kuma tara zafi a wuri ɗaya, wanda hannunsa bai saba ba zai iya huda kiliya a gefen bonet cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Akwai kuma inji mai motsi biyu, wanda faifansa ke juyawa yana kuma karkarwa a ƙaramar da'ira, kuma idan aka danna shi da yawa ko aka karkata shi sai juyawar ta tsaya da kanta. Na gargajiyarsa da'irar milimita 8 gare shi, kamfanin Rupes na Italiya kuma ya shahara da masu da'irar milimita 15 da 21 waɗanda suka fi saurin aiki a fili mai faɗi. Na zaɓi mai motsi biyu na milimita 8 saboda hannuna sabo ne. Abu biyu na duba kafin in biya: cewa na wuta mai ƙarfin volt 230 ne, domin injin da aka shigo da shi daga Amurka na 120 ne kuma sai da tiransifoma, da kuma cewa janaretan gida zai iya ɗaukarsa. Injin yankan ƙarfe na masu walda, wanda wasu ke ɗaura wa soso don sauƙin kuɗi, yana gudun kusan 11,000 a minti, kuma bai kamata ya kusanci fenti ba.

Injin ya zo da faifai mai faɗin inci 6, na canza shi da na inci 5, na ƙara da ƙarami na inci 3 don ginshiƙan gilashi da kewayen hannun ƙofa. Ƙaramin soso yana tattara ƙarfin inji a wuri kaɗan, kuma ba ya saurin tsayawa a inda jikin mota ya lanƙwasa.

Kan soso ne na fi daɗewa, domin a nan ne mai saye ya fi ruɗewa. Mafi cin fenti shi ne na ulu, wanda zarensa da kansa yake yanka ko da man da aka sa masa ba mai kaushi ba ne, kuma shi ne abokin injin da ke juyawa kai tsaye. Bayansa sai na maikurofaiba, mai gajeren gashi a kan siririn soso, wanda aka yi shi musamman don ya ba inji mai motsi biyu ƙarfin cin da ba shi da shi. Sai soso zalla, wanda ya kasu uku: mai tauri na yanka, matsakaici na gogewa, da mai laushi na gamawa. Bambancinsu yana cikin taurin roba da girman ƙofofin da ke jikinsa. Idan aka danna babban yatsa a kan mai tauri, da kyar yake lotsawa kuma fuskarsa tana da kaushi, mai laushin kuwa yatsa na nutsewa ciki ya dawo a hankali.

Kuskuren da na ga masu saye suna yi a shago shi ne dogaro da launi, suna cewa a ba su ruwan ɗorawa ko a ba su baƙi, alhali babu wata ƙa'ida da ta ɗaure kamfanoni a kan launi. A wurin Lake Country na Amurka, ruwan ɗorawa na yanka ne mai ƙarfi, ruwan lemo na yanka mai sauƙi, fari na gogewa. A wurin Rupes kuwa, shuɗi ne mai kaushi, ruwan ɗorawa mai laushi, fari ya fi shi laushi. Kamfanin 3M ya daidaita launin soso da launin murfin kwalba, kore na yanka, ruwan ɗorawa na tsakiya, shuɗi na gamawa. Ke nan shuɗin soso na wani kamfani shi ne mafi kaushi, na wani kuma shi ne mafi laushi, kuma wanda ya saya da launi kawai zai iya ɗaura soson yanka a lokacin gamawa ya yi ta mamakin yadda fenti ya ƙi yin ƙyalli. Abin dogaro shi ne rubutun da ke jikin leda, sai kuma yatsa.

Akwai kuma saitin soso masu arha marasa suna, waɗanda ake sayarwa da launi biyar ko shida a leda ɗaya. Baba ya ɗauko mini ɗaya daga ƙarƙashin bencinsa, wanda zafi ya narkar da gam ɗin da ke riƙe da mannen bayansa, soson ya rabu da faifai ana cikin aiki. Idan haka ta faru, faifan ne zai sauka a kan fenti. Tun daga nan na riƙa jan gefen mannen da yatsa kafin in saya. Abu na ƙarshe game da soso shi ne yawansa. Soso ɗaya ba ya gama mota, domin yana cika da mai da garin fentin da ya zaftare, ya yi zafi, ya yi laushi, ƙarfin cinsa ya ragu. Masu sana'ar sukan tanadi huɗu zuwa shida na nau'in da zai yi babban aiki, a riƙa canzawa. A ganina gara mutum ya rage kuɗin da zai kashe a kan mai ya ƙara yawan soso.

Man gogewa kuwa, wanda masu fenti ke kira kamfawun idan mai kaushi ne, folish idan mai laushi ne, ba wani abu ba ne illa garin sinadari mai tauri, galibi alminiyam oksaid, da aka dama a cikin mai da ruwa. Iri biyu ne ta fuskar yadda garin ke aiki. Akwai wanda ƙwayoyinsa ke farfashewa suna ƙanƙancewa yayin da ake gogawa, ya fara da yanka ya ƙare da sheƙi, kuma irin wannan dole a ba shi lokaci har ya koma garai-garai a kan fenti, in ba haka ba ya bar nasa karcen. Akwai kuma wanda ƙwayoyinsa ƙanana ne tun farko kuma ba sa canzawa, mutum na iya tsayawa duk lokacin da ya ga aiki ya yi. Meguiar's M105 da M205 na wannan iri na biyu ne, na farkon yana iya fitar da sawun sanfefa mai lamba 1200, na biyun na gamawa ne. Menzerna na Jamus yana jera nasa da lamba irin ta sanfefa, 400 mai kaushi, 2500 matsakaici, 3500 mai laushi. Farécla G3 na Ingila shi ne wanda na fi gani a garejin masu fenti, ana yayyafa masa ruwa ana bi da ulu. Lambar wani kamfani ba ta da alaƙa da ta wani, kamar dai yadda launin soso yake.

Abubuwa biyu na guje wa. Na farko shi ne man da ake ɗurawa a robar ruwa marar rubutu ana sayarwa da awo, domin ba a san abin da ke ciki ba, kuma wani idan aka murza shi tsakanin yatsu ana jin tsakuwa-tsakuwa. Na biyu shi ne man da ke ɗauke da abin cike karce ko silikon. Mai cike karce yana sa mota ta yi kyau a ranar da aka karɓe ta, bayan wanki biyu ko uku zanen su dawo, domin ɓoye su aka yi. Silikon kuwa yana hana sabon fenti kamawa, ya sa shi yin ƙananan ramuka, ni kuma ina da rufin da za a fesa daga baya. Na sayi ƙananan kwalabe na mililita 250 na Menzerna, lamba 400 da 2500 da 3500, waɗanda ba su da silikon, aka aiko mini daga Legas.

Kafin soso ya taɓa motar, sai da aka sake wanke ta da sabulun mota, da bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye tawul. Kwaltar da ta fantsama a ƙasan ƙofofi na cire ta da ɗan kananzir a tsumma, na sake wanke wurin. Sannan na sa hannu a cikin siririyar leda na shafa bonet, na ji shi gantsar-gantsar duk da wankin, saboda ƙurar ƙarfe da dattin bishiya da suka nutse a cikin kiliya. Wannan ana cire shi ne da yumɓun roba, ana fesa ruwan sabulu ana shafawa a hankali, ana ninke shi idan fuskarsa ta yi datti, idan kuma ya faɗi ƙasa a yar da shi. Duk dattin da aka bari soso zai kwashe shi ya yi ta jansa a kan fenti. Na rufe robobin gilashi, da baƙar robar madubi, da tambarin mota, da kaifin gefen bonet da tef na takarda, domin fenti ya fi siranta a kan kaifi.

Daga nan sai gwaji, wanda shi ne ainihin zaɓen. Na raba bonet da tef zuwa gidaje masu faɗin kusan santimita 50, na fara da haɗi mai rauni, matsakaicin soso da mai lamba 3500. Na ɗiga mai huɗu masu girman ƙwayar wake, na dangwala soson a wurare daban-daban na gidan kafin in kunna inji don kada man ya fantsama, na baza shi da ƙaramin gudu, sannan na ƙara gudun zuwa 4 ko 5 cikin 6. Hannu yana tafiya ne a hankali, kusan santimita 2 zuwa 3 a daƙiƙa, kowane layi yana hawa rabin wanda ya gabace shi, a bi a tsaye sannan a bi a kwance. Na ja baƙin layi da alƙalamin maka a bayan faifai domin in riƙa ganin ko yana juyawa, saboda idan ya tsaya yana karkarwa kawai, ba ya yin komai. Da na share wurin da tawul mai laushi, na fesa sifirit na aisofurofil da aka sirka da ruwa don ya wanke maiƙon da ke ɓoye zane, na haska tocila. Launin ya dawo shuɗi sosai, har yaran gida suka ce an gama, amma zanen suna nan kusan duka.

A gida na biyu na bar nau'in soson yadda yake na canza mai zuwa 2500, domin idan aka canza abu biyu a lokaci ɗaya ba za a san wanda ya yi aikin ba. Siraran zanen sun tafi, masu ɗan zurfi da tabon ruwa suka rage. A gida na uku na bar man na ɗaura soso mai tauri, aka ƙara samun ci gaba, amma tabon ruwan bai gushe ba. Sai a gida na huɗu, da maikurofaiba da mai lamba 400, fuskar ta fito sumul. Sai dai da na fitar da motar rana, wannan gidan ya yi hazo-hazo, ya fi na biyu dusashewa, saboda haɗi mai ƙarfi yana barin nasa ƙananan sawu, musamman a fentin motocin Japan da aka san shi da laushi idan an kwatanta da na motocin Jamus. Da na bi shi da soso mai laushi da 3500, hazon ya washe, har ana ganin ganyen darbejiya ɗaya-ɗaya a cikinsa. Na'urar ta nuna cewa abin da ya ragu bai wuce 'yan maikiron kaɗan ba.

Abin da gwajin ya nuna shi ne mota ɗaya tana buƙatar haɗi fiye da ɗaya. Bonet da but, waɗanda rana da ruwa suka fi duka saboda a kwance suke, sun samu maikurofaiba da 400, sannan soso mai laushi da 3500. Ƙofofi da fenda ba su buƙaci haka ba, matsakaicin soso da 2500 ya ishe su, kuma da na bi su da haɗin bonet da na yi asarar kiliya a banza. Ƙofar da aka taɓa sake wa fenti ta nuna hali daban, soso yana maƙalewa a kanta, mai yana saurin bushewa, sai na rage gudu na tsaya a kan haɗi mafi sauƙi, domin yawan lambar da na'ura ta nuna a wurin zai iya zama foti da firaima ne, ba kiliya ba. Bamba kuma roba ce, ba ta watsa zafi kamar ƙarfe, saboda haka na yi ta da ƙaramin gudu ina yawan ɗaga hannu.

Yanayin Kano ya shiga cikin lissafi. Ba a wannan aiki a rana, domin mai yana bushewa a kan ƙarfe mai zafi ya zama gari kafin ya yi aikinsa. Na yi shi ne a ƙarƙashin rumfa da sassafe, ina taɓa ƙarfen da bayan hannu, idan ya yi ɗumi sosai in koma wani ɓangare. Na kuma jira hunturu ya wuce ruwa ya sauka, domin a lokacin ƙura ko ana cikin gogewa tana sauka a kan fenti, kuma ina yayyafa ruwa a ƙasan rumfar. Bayan kowane gida ina kashe inji in bi soson da buroshi, maikurofaiba kuma in tayar da gashinsa da ya kwanta, idan ya yi nauyi da mai in cire in ɗaura wani. Waɗanda aka cire ana wanke su da sabulu da ruwa mai ɗumi, a matse ba tare da murɗawa ba, a bar su su bushe sarai kafin a sake amfani da su.

Karcen da farcen Baba ya maƙale a ciki sun rage. Ya ce, “Ɗana, kawo in bi su da sanfefa 2000 da ruwa, in bi da ulu, ba za ka sake ganinsu ba.” Na san zai iya, domin haka ake gyara sabon fenti mai kauri, kuma a kan kiliya mai tauri irin ta motocin Jamus ulu da injinsa ne kayan aikin da suka dace. Amma a ƙofar da dukan fentinta bai wuce maikiron 120 ba, kuma motar za ta ci gaba da kwana a waje, na ga fitar da karcen gaba ɗaya zai cinye mafi yawan kiliyar wurin, shekara ɗaya ko biyu ya zama irin rufin. Na ce, “Baba, a bar su, a dai rage musu kaifi.” Na bi su da ƙaramin soso na inci 3 da mai lamba 400 har gefensu ya kwanta, suka daina kama haske, sai wanda ya san inda suke ne zai gan su. Guda ɗaya da ya kai ga firaima, ana ganin fari a ƙasansa, an cike shi da ɗigon fenti da siririn buroshi, bayan an haɗa launin da lambar da ke kan takardar jikin ginshiƙin ƙofar direba. Tabon kashin tsuntsu guda biyu da suka ci kiliyar but su ma na bar su da ɗan sawu.

Fentin da aka goge ba shi da kariya sai an sa masa. Kakin karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya mai kama da giginya a ƙasar Brazil, yana ba da ƙyalli mai kyau amma ba ya daɗewa a zafi irin namu. Man kariya na roba yakan yi watanni, shi na zaɓa, sai dai ban shafa shi nan take ba. Na fara mayar da motar wurin Baba don ya fesa rufin, kuma da gangan aka jinkirta fesawar zuwa bayan gogewa, domin mai fenti yana daidaita launinsa ne da abin da ya gani a jikin mota, kuma da ya haɗa shi tun fentin yana koɗe da rufin ya fito daban da sauran jiki. Ya kankare matacciyar kiliyar, ya fesa launi da sabuwar kiliya, sannan na shafa man kariya a kan tsohon fentin kaɗai. Sabon fenti yana ci gaba da fitar da sinadaran da aka dama shi da su bayan ya bushe a hannu, shi ya sa masu yin fenti ke cewa a jira wata ɗaya zuwa uku kafin a rufe shi da kaki ko man kariya, kuma a tsawon wannan lokaci ruwa da sabulun mota kaɗai ke taɓa rufin.